Kundin Binciken Fili Kafin a Aza Harsashin Sabuwar Unguwa

3 ga Maris

Yau aka damƙa mana aikin a rubuce. Fili ne mai faɗin hekta 38 a gefen gari, ana son a yanka shi a yi sabuwar unguwa: gidajen zama, makaranta, ƙaramin asibiti, shaguna, da benaye shida masu hawa biyar-biyar. Sharaɗin da hukumar tsara birane ta gindaya kafin ta ba da izinin gini shi ne a kawo rahoto kan abu uku: hatsarin girgizar ƙasa, ƙarfin ƙasar da za ta ɗauki gine-ginen, da kuma zaizaya.

Ko da ido mutum zai ga filin ya kasu uku. Ta arewa tudu ne, jar ƙasa mai tauri. Daga nan sai dogon gangare da ya sauka kudu, wanda wani kwazazzabo ya tsaga ta gefen gabas. Can ƙasa kuma fadama ce shimfiɗaɗɗiya da ta bi bakin rafi. A zanen da masu tsara gini suka kawo, benayen nan shida duk a fadamar aka jera su, don nan ne kusa da babban titi, kuma ba sai an sha wahalar baje ƙasa ba. Tun a kan takarda abin ya tsaya mini a rai.

Kasafin binciken: fiye da rabi zai tafi a haƙa da gwajin cikin rami, kusan kashi ɗaya bisa biyar ɗakin gwaje-gwaje, sauran kuma awon safiyo, awon girgiza da rubuta rahoto. Na ware kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana. Duka kuɗin bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da ginin zai ci ba, amma sai da aka yi ta ja-in-ja kafin a sa hannu.

7 ga Maris

Kafin a kawo inji ko ɗaya, na zauna da tsofaffin taswirori da hotunan sama na yankin. Abu biyu suka fito. Na farko, rafin ba a inda yake yanzu yake gudu a da ba. A tsohon hoto an ga wata lanƙwasa da ta ratsa tsakiyar fadamar, daidai ƙarƙashin inda aka zana bene na uku da na huɗu. Tsohuwar hanyar ruwa yashi sako-sako take bari a baya, ko da ciyawa ta rufe samanta. Na biyu, akwai wani baƙin tabo mai faɗi a gindin gangaren wanda ya ɓace a hotunan baya-bayan nan.

Da yamma na zaga filin da ƙafa, na tarar da wani dattijo da ya daɗe yana noma a gefen. Na gaishe shi na ce, "Baba, wurin can da ƙasa ta ɗan lotsa, me ake yi a wurin a da?"

Ya ce, "Ai ɗana, kududdufi ne. Nan ake ɗibar ƙasar gini. Da ya yi zurfi sai aka riƙa juye shara da ɓaraguzai a ciki har ya cika."

Ya kuma nuna mini da sandarsa inda ruwa ke kaiwa idan rafin ya yi ambaliya, da inda bakin kwazazzabon yake sa'ad da yake saurayi. Tazarar da ke tsakanin can da bakinsa na yau ta ba ni tsoro. Na sa alamar wuraren duka a taswira, na kuma matsar da ramuka biyu daga cikin waɗanda na tsara don su faɗa kan tsohon kududdufin da tsohuwar hanyar rafin.

12 ga Maris

Safiyo sun gama awon tudu da kwari. An kafa turakun alama a wuraren haƙa. Ramuka 14 ne, da ƙananan ramukan duba ƙasa da za a haƙa da katafila.

17 ga Maris

Injin haƙa ya iso, an fara daga tudu. Ga wanda bai taɓa ganin gwajin guduma ba, ga yadda yake. Idan an haƙa zuwa zurfin da ake so, sai a zura wani bututun ƙarfe mai tsage biyu har gindin ramin. Guduma mai nauyin kilo 63.5 ake ɗagawa santimita 76 a sake ta ta faɗo a kan sandar. Ana tura bututun santimita 45, an raba shi gida uku da alli a jikin sandar. Bugun santimita 15 na farko ba a lissafa shi, don haƙa ta riga ta dagula wurin. Yawan bugun da aka yi kafin sauran santimita 30 su shige, shi ne lambar da muke rubutawa. Yashi mai lamba ƙasa da 10 sako-sako ne. Wanda ya haura 30 ya danƙare.

Aikin na son ido. Idan mai riƙe da igiya ya gaji ya daina kai guduma ƙarshen tsayinta, bugun zai yi yawa, sai ƙasa mara ƙarfi ta fito a takarda da lamba mai kyau. Shi ya sa na tsaya a gindin injin da littafina ina ƙirgawa tare da su.

A tudun lambobin sun haura 35 tun daga mita 2, marmara ce mai kyau a kan ruɓaɓɓen dutse. Babu abin damuwa.

21 ga Maris

An gama ramukan tudu. Samfurori sun tafi ɗakin gwaji a leda, kowanne da lambarsa da zurfinsa.

25 ga Maris

Ramukan gangare. Jar ƙasa mai yashi a sama, laka a ƙasa. Na lura ƙasar saman tana wargajewa da zarar an jefa dunƙulenta a kofin ruwa.

29 ga Maris

Fadama ta fara nuna halinta. A rami na tara, wanda ke kan tsohuwar hanyar rafin, an ratsa baƙar laka ta mita biyu da ɗoriya, aka shiga yashi mai laushi, aka kuma ci karo da ruwa a mita 4.3. Daga mita 6 sai yashi ya fara tasowa daga ƙasa cikin bututun kariya, wato bututun da ake zurawa don ya riƙe bangon ramin. Duk sanda aka zare sandar haƙa sai gindin ramin ya ciko da kusan rabin mita. Abin da ke jawo haka shi ne ruwan cikin ramin ya yi ƙasa da ruwan da ke kewaye da shi, sai na wajen ya turo yashi ciki. Lambar da aka samu a irin wannan yanayi ba abin dogaro ba ce ko kaɗan: wani lokaci ta yi ƙasa sosai don yashin ya sassauta, wani lokaci ta yi sama don bututun na dukan yashin da ya cushe cikin kariya.

Shugaban masu haƙa ya so a ci gaba a haka. Ya ce, "Injiniya, rana na tafiya, kuma da mita ake biyanmu." Na fahimce shi sarai, amma na ce a tsaya. Ana cikin ƙoƙarin ciro bututun kariya sai bangon ramin ya rufta ya danne shi. Aka yi ta fama da jak da sarƙa har magariba. Gaɓa biyu na bututun sun tafi ke nan, suna can ƙasa.

Matakin da aka ɗauka: a haƙa sabon rami mita 3 daga na farko, a riƙa cika shi da ruwa har baki a kowane lokaci, a kuma riƙa zare sanda a hankali. Wannan na nufin hayar tankar ruwa na sauran kwanakin fadama. Tanka, bututun da ya salwanta da maimaita ramin sun cinye kusan kashi ɗaya bisa uku na kuɗin ko-ta-kwana.

1 ga Afrilu

Sabon ramin ya tafi lafiya lau. Daga mita 3 zuwa 9 lambobin tsakanin 6 ne da 11. Yashi ne tsantsa, mai ƙananan ƙwayoyi kusan girma ɗaya. Sai daga mita 13 ƙasa ta fara tauri.

4 ga Afrilu

Katafila ta buɗe tsohon kududdufin. Maganar dattijon nan ta tabbata: fasassun bulo, toka, leda, tsumma, gwangwanaye, ruɓaɓɓen itace, har zurfin mita 3.5, ga wari na tashi. A zanen yanzu ajujuwan makaranta ne a kansa. Irin wannan ciko ba ya lotsawa bai-ɗaya, wani gefe ya riga wani, bango ya tsage. Ko dai a kwashe shi kaf a cike da ƙasa mai kyau ana daddanne ta hawa-hawa, ko a mayar da wurin filin wasa.

10 ga Afrilu

An gama haƙa. Ramuka biyar ban bari an cike su ba, an zura musu bututun auna ruwa mai huji-huji a ƙasa, an zuba tsakuwa a kewaye, an toshe sama da laka da siminti, an sa murfi da kwaɗo. Uku a fadama, biyu a gangare.

Mai aikin, wato wanda zai gina unguwar, ya kira yana tambayar yaushe rahoto zai fito. Na ce masa rahoton wucin gadi zai samu a watan gobe, amma na ƙarshe sai ruwan ƙasa ya kai ƙololuwarsa a damina. Bai ji daɗi ba. Zurfin ruwan da muka gani yanzu na rani ne, kuma duk lissafin da ke gabanmu, na yashi, na laka, na gangare, a kan zurfin ruwan nan ya rataya.

17 ga Afrilu

Sakamakon ɗakin gwaji ya fara dawowa. Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne na baƙar lakar fadama. Gwajin da ake yi mata ya samo asali ne daga Albert Atterberg, masanin ƙasar Suwidin, tun 1911: a gano yawan ruwan da laka ke sha kafin ta fara malala, da yawan da ke cikinta sa'ad da ta fara kakkaryewa in an murza ta siririya a tafin hannu. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ke nuna halinta. Tamu ta haura 35, wato laka ce mai kumburi sosai. Ta sha ruwa ta kumbura, ta bushe ta tsuke ta dare. Na ga tsagogin da idona a watan jiya, wasu hannu na shiga har wuyan hannu.

Ƙananan gidaje irin wannan laka ta fi cuta, don ba su da nauyin da zai danne ta. Gefen gida ya jiƙe ya ɗaga, tsakiya na nan a bushe, sai ka ga tsaga ta tashi daga kusurwar taga ta yi sama a karkace. Mutane su ɗora laifin a kan magini ko siminti, alhali matsalar na ƙarƙashin ƙafarsu.

23 ga Afrilu

Ɓangaren girgiza. Ba wanda ya isa ya faɗi ranar da ƙasa za ta girgiza. Abin da ake iya ƙiyastawa shi ne ƙarfin jijjigar da ya kamata gini ya jure. Ƙa'idojin gini da yawa suna ɗaukar jijjigar da ke da yiwuwar kashi 10 cikin 100 a wuce ta cikin shekara 50, wanda a lissafi ya zo daidai da sau ɗaya a shekara 475. Taswirar hukuma ta sa yankinmu a matsakaicin mataki. Sai dai lambar da ke taswirar ta kan dutse ce. Abin da ƙasa mai laushi za ta yi da jijjigar idan ta ratso ta, wannan aikinmu ne mu gano.

Birnin Meziko ne ya koya wa duniya wannan darasi a ranar 19 ga Satumba 1985. Girgizar mai ƙarfin maki 8.0 ta tashi ne a gaɓar tekun Fasifik, fiye da kilomita 350 daga birnin. Unguwannin da ke kan dutse sun ji ta sama-sama. Waɗanda ke kan lakar tsohon tafkin da aka gina birnin a kai kuwa, lakar ta ninka jijjigar, ta mai da ita lilo mai tsawo, kuma benaye masu hawa 6 zuwa 15 ne suka fi rushewa domin lilon nasu ya zo ɗaya da na ƙasar.

Don haka yau muka shimfiɗa layin na'urorin sauraren girgiza guda 24 a ƙasa, ana dukan farantin ƙarfe da babbar guduma, kwamfuta na ɗaukar saurin da girgizar ke tafiya. A tudu da gangare an samu bayanai masu tsabta. A fadama manyan motocin da ke bin titi sun cika na'urorin da hayaniya, ba abin da za a iya karantawa. Za a dawo da tsakar dare.

26 ga Afrilu

An yi awon fadama tsakanin ƙarfe ɗaya da uku na dare. Ƙarin kuɗi: alawus ɗin dare da mai gadi. Bayanan sun yi kyau.

30 ga Afrilu

Ana raba ƙasa aji-aji bisa matsakaicin saurin girgiza a mita 30 na sama. A ƙa'idar Turai ta Eurocode 8, abin da ya haura mita 800 a daƙiƙa dutse ne, aji A. Daga 360 zuwa 800 aji B, daga 180 zuwa 360 aji C, ƙasa da 180 kuma aji D. Tudunmu ya faɗa B. Gangare C. Fadama tana kan iyakar C da D, ta fi karkata ga D a kan tsohuwar hanyar rafin. Fili ɗaya, girgiza ɗaya, amma benen da ke fadama zai sha jijjigar da ta fi ta na tudu nesa ba kusa ba.

7 ga Mayu

Zama da mai aikin da masu zane. Mai aikin ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Injiniya, tun tasowata ban taɓa jin ƙasa ta motsa a nan ba. Kakannina ma ba su ba da labari ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ne. Amma benen da za ka gina zai wuce shekara 50 a tsaye, da iyalai a ciki. Kuma ba ƙarfin girgizar kaɗai nake tsoro ba, yashin da ke ƙarƙashi nake tsoro."

Na zo da bokiti cike da yashin rami na tara. Na zuba ruwa har ya kusa fitowa sama, na ɗora rabin bulo a kai. Ya zauna daram. Na fara bubbuga gefen bokitin da tafin hannu da sauri. Cikin ɗan lokaci saman yashin ya fara sheƙi, ruwa ya taso, bulon ya karkata ya nutse har rabi. Ɗakin ya yi tsit. Abin da ya faru shi ne ƙwayoyin yashin suna son matsewa saboda jijjiga, ruwan da ke tsakaninsu bai samu hanyar fita da wuri ba, sai nauyin ya koma kan ruwan. Ruwa kuwa ba ya riƙe gini. Wannan ita ce narkewar yashi.

Na nuna musu hotunan Nigata a Japan, bayan girgizar 16 ga Yuni 1964: benaye masu hawa huɗu a kusa da kogin Shinano sun kishingiɗa, ɗaya ya kusa kwanciya gaba ɗaya, alhali jikin ginin bai karye ba. An gina su da ƙarfi, ƙasar ce ta saki. Bayan wannan ne Seed da Idriss na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley suka fitar da hanyar lissafi a 1971 wadda har yau ake amfani da ita da gyare-gyare: a gwada ƙarfin da girgiza za ta ɗora wa yashi da ƙarfin da lambar guduma ta nuna yana da shi. Da ruwan rani, lissafinmu ya nuna yashin tsakanin mita 4.3 da 9 na cikin hatsari. Da ruwan damina sai abin da muka gani.

Ba a yanke komai ba. Ya ce zai yi shawara.

15 ga Mayu

Zaizaya. Mun kafa turakun ƙarfe a layi a bayan bakin kwazazzabon da gefunansa, an auna tazarar kowanne, don a san takamaiman abin da yake ci a damina. Zurfinsa a baki ya fi tsayin mutum biyu, bangon a tsaye yake, gindinsa ruwa ya rarake.

Na yi lissafin asarar ƙasa da dabarar Wischmeier da Smith, wadda ke ninka abubuwa kamar ƙarfin ruwan sama, saurin wankewar ƙasar, tsawon gangare da tsayuwarsa, irin abin da ya rufe ƙasa, da matakan kariya. Tana da amfani, sai dai wankewar saman ƙasa kawai take ƙiyastawa, ba ta san da kwazazzabo ba. Shi kwazazzabo ruwan da aka tara wuri guda ne ke haifar da shi, kuma a nan ne unguwar da kanta za ta zama matsala. Ƙasa mai ciyawa takan saki kashi 10 zuwa 30 cikin 100 na ruwan da ya sauka a kanta, sauran ta shanye. Rufin kwano da kwalta kuwa sukan saki kashi 70 zuwa 95. Idan aka gine tudun nan, ruwan da zai gangaro zai ninka, kuma zai iso a lokaci guda. A zanen magudanan ruwa na yanzu, babbar kwalbatin tudu a bakin kwazazzabon take juyewa. Na ja jan layi a wurin.

21 ga Mayu

An miƙa rahoton wucin gadi. Ruwan farko ya sauka, bai taka kara ya karya ba.

28 ga Mayu

Na iso na tarar da katafila ta share kusan rabin gangaren tas, ciyawa da ƙananan itatuwa duk an ture su gefe, an kuma yanka hanyar mota miƙe daga sama zuwa ƙasa. Ɗan kwangilar share fili ya ce an ba shi umarni ya rage aiki kafin ruwa ya yi ƙarfi. Rahoton wucin gadi ya faɗa ƙarara cewa kada a taɓa gangaren sai an yi magudanai. Na rubuta takarda a ranar, na haɗa da hotuna, na nemi a dakata. An dakata, amma ƙasar ta riga ta zama tsirara.

10 ga Yuni

Daren jiya an tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safe na sa takalmin roba na bi gangaren daga sama. Sabuwar hanyar motar ta zama rafi. Sawun tayoyin katafila ya zurma, wasu wuraren har gwiwa. Ruwan ya bi hanyar ya karkata gabas ya faɗa bakin kwazazzabon, wanda ya ci gaba da kusan mita 4 a dare ɗaya. Turakun awo biyu na farko sun rufta da ƙasar da ke riƙe da su. Wani sabon reshe ya ɓalle ta yamma, ya nufi inda aka zana layin gidaje na biyu. Ɗaya daga bututun auna ruwa na gangare ya karye, murfinsa na tsinta can ƙasa cikin taɓo.

Jar ƙasar da aka wanke ta kwanta a fadama, ta toshe kwalbatin babban titi fiye da rabi, ruwa ya hau kan kwalta. Maƙwabta da ke ƙasan rafin sun zo da ƙorafi, kuma suna da gaskiya: ƙasarmu ce a ƙofar gidajensu.

Na ji ciwon wannan ƙwarai. Ƙasar saman da ta tafi a dare ɗaya ba za ta dawo a rayuwar kowa a cikinmu ba. Mai aikin ya zo da rana ya tsaya a bakin ramin ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya ce, "Injiniya, me za a yi yanzu-yanzu?"

13 ga Yuni

Aikin gaggawa. An datse hanyar motar da ƙananan ganuwoyi a karkace don ruwa ya riƙa fita gefe kaɗan-kaɗan. An yi kwata a saman kwazazzabon da ke kautar da ruwa zuwa wuri mai ciyawa. An jera buhunan ƙasa a baki, an shimfiɗa busasshiyar ciyawa a inda aka share. An yashe kwalbatin titi. Wannan kuɗin daga aljihun mai aikin ya fito, kuma ya kusa kai abin da aka kashe a ɗakin gwaji gaba ɗaya. Sabon bututun auna ruwa kuma ya cinye ragowar ko-ta-kwanarmu.

24 ga Yuni

An fara dasa jema a layi-layi a kan gangaren, bisa layin da ruwa ba ya gangarawa. Saiwarta miƙewa take yi ƙasa, mita biyu zuwa uku, kuma idan ta yi kauri takan tace ƙasa ta bar ruwa ya wuce a hankali. A cikin kwazazzabon an sa kwandunan waya cike da duwatsu a matakai uku.

8 ga Yuli

Karatun ruwa: fadama mita 2.6. Turakun kwazazzabo ba su nuna ƙarin ci ba.

29 ga Yuli

Ruwan fadama ya taso zuwa mita 1.1 daga sama. Na sake lissafin narkewa. Yanzu duk yashin daga mita 3 zuwa 9 a jiƙe yake, kuma ya gaza a kowane zurfi da aka gwada. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne bakin rafin, gaɓa ce a buɗe mai tsayin kusan mita 3. Idan yashin ƙasa ya narke, lakar da ke samansa na iya zamewa gaba ɗayanta ta nufi rafin, ta tafi da harsashi da bututun ruwa da duk abin da aka binne.

Palu ta Indunusiya ce ta zo mini a rai. A girgizar 28 ga Satumba 2018 mai maki 7.5, unguwanni irin su Petobo da Balaroa sun malale da gidajensu a kan gangaren da ido ma da ƙyar yake ganin gangare ne. Masu bincike sun danganta malalar Petobo da ruwan noman rani da ya ɗaga ruwan ƙasa kusa da sama. Wannan ya sa na sake duba shawarar da masu zane suka kawo bayan ɓarnar Yuni, ta a haƙa ramukan shanye ruwa a gindin gangare don a rage abin da ke kwarara. Ga zaizaya shawara ce mai kyau. Ga fadama kuwa guba ce, domin za ta riƙa ɗura ruwa cikin yashin da muke tsoro, ta kuma jiƙa lakar da ke kumbura. Da a ce mutum uku ne suka rubuta rahoto uku daban-daban, kowa zai sa hannu a nasa da zuciya ɗaya, a haɗu a yi ɓarna. Tafkin tara ruwa za a yi, mai shimfiɗar da ba ta yoyo, ya riƙa sakin ruwa a hankali ta bututu zuwa rafi.

12 ga Agusta

An ga tsaga mai lanƙwasa a saman bangon kwazazzabon ta yamma, faɗin yatsa biyu. Lissafin tsayuwar bangon, wato sau nawa ƙarfin da ke riƙe shi ya ninka wanda ke son zame shi, da ruwan yanzu ya ba da 1.1, alhali 1.5 ake nema ga gangaren da mutane za su zauna kusa da shi, tun ma ba a sa girgiza a lissafin ba. An kewaye wurin da igiya. Za a kwantar da bangon bayan damina, a kuma ja layin gidaje baya.

20 ga Agusta

Na gabatar da zaɓi uku kan benayen. A bar su a fadama a kafa su kan turakun kankare da za su wuce mita 13 su shiga ƙasa mai tauri, a kuma ƙarfafa turakun don su jure zamewar gefe. Ko a gyara yashin kansa ta hanyar girgiza shi da na'ura ana cusa ginshiƙan tsakuwa. Ko a mayar da benayen tudu. Mai ƙididdigar kuɗin gini ya ce na farko zai ninka kuɗin harsashi fiye da sau biyu, na biyu na buƙatar injin da sai an yi hayarsa daga nesa. Na uku zai ci sabon zane da ƙarin titi, amma harsashi na yau da kullum ya wadatar. Ra'ayina a fili yake: na uku. Turaku na iya ceton benen, amma ba za su ceci titi, bututun ruwa da magudanar bahaya da ke kewaye da shi ba, kuma fadamar tana da aikin da take yi tun da can na karɓar ambaliya.

28 ga Agusta

Mai aikin ya amince a mayar da benaye huɗu tudu. Biyu na kusa da titi ya ce sai ya ga ƙarin hujja, don su ne yake sa ran za su fi saurin samun masu saye. Ramukanmu a wannan kusurwa biyu ne kacal, kuma yashin ya fi siranta a can, saboda haka buƙatarsa ba ta wuce hankali ba. Mun yarda a yi gwajin tura mazugin ƙarfe a wurare shida a kusurwar, wanda ke ba da karatu ba yankewa daga sama har ƙasa. Kuɗinsa ƙari ne a kan kasafi, ya sa hannu.

Makaranta ta tashi daga kan kududdufin, wurin zai zama filin wasa. Ƙananan gidajen da suka rage a kan baƙar laka za a yi musu harsashin shimfiɗa mai ƙarfi da daɓe a kewaye, ba kuma za a dasa manyan itatuwa kusa da bango ba.

Abin da ke gaba: karatun bututun ruwa kowane mako har ƙarshen Oktoba, sake auna turakun kwazazzabo bayan kowane babban ruwa, cike gurbin jemar da ba ta kama ba a layi na huɗu da na biyar, da zama da masu zanen magudanai kan girman tafkin. Motar gwajin mazugi za ta shigo da zarar fadama ta tsane yadda za ta ɗauki nauyinta, wataƙila tsakiyar Oktoba.